Tawada Ba Aljana Ba Ce



Ranar Litinin da ta wuce, da muka zo sharar safe, mun tarar da Tawada kwance a bayan sito ta sandare, da rauni a gefen kunnenta. Ga wanda bai san ta ba, ita ce baƙar magen nan da ke kwana a kan buhuna, wadda 'yan aji uku na bara suka raɗa wa suna saboda baƙinta. Mun ga dutsen, mun ga danƙon da aka yar a gefe. Ba mu san wanda ya harbe ta ba, kuma ba don a kama shi a zane shi muka rubuta wannan ba.

Abin da ya sa muka ɗauki biro shi ne dariyar da aka yi. Wata 'yar ajinmu, wadda kullum take rage wa Tawada ƙosai, ta fashe da kuka, sai aka taru ana cewa, "Ji ta, kuka a kan mage!" Wani ma cewa ya yi ai an huta, wai baƙar mage aljana ce. To mu dai shekara biyu muna tare da wannan aljanar, ba ta taɓa shaƙe kowa ba sai ɓera.

Ku tuna yadda sito yake kafin zuwanta. Ɓeraye sun cinye gefen littattafan karatu, har rajistar wani aji sai da suka yi wa ƙofa. A gidajenmu ma haka ne. Nan Kuyello kusan kowa ɗan manomi ne, kuma kowa ya san wahalar da iyayenmu ke sha kafin masara da dawa su iso gida, balle a shekarun nan da zuwa gona ya zama sai da addu'a. A ce bayan duk wannan ɓera ya huda buhu ya zauna yana ci? Malamin kimiyya ya ƙara mana da cewa fitsari da kashin wani irin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Mage tana yi mana gadi ba albashi, ladanta ɗan ƙanzo. Mu kuma muna saka mata da dutse.

A darasin addini an koya mana cewa wata mata ta shiga wuta saboda ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu, kuma an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, 'yar kyanwa ce ta jawo masa wannan laƙabi. Duk mun haddace wannan, mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki. Ana tashi kuma sai a cika aljihu da tsakuwa.

Maganar kare ta fi wuya, kuma za mu faɗi gaskiya: yawancinmu tsoronsa muke ji, iyayenmu kuma ba sa son ya shigo tsakar gida. Ba mu ce kowa ya ajiye kare ba. Amma ku tambayi abokanmu da suka taso daga ƙauyukan bakin daji saboda 'yan bindiga. Ɗaya daga cikinsu ya ba mu labari, ya yarda mu rubuta muddin ba mu faɗi sunansa ba. Ya ce a daren da suka gudu, haushin karensu ne ya tashi babansu tun kafin a ji ƙarar babura. Da gari ya waye suka samu babur ɗaya, aka ɗora mama da ƙanne da buhu guda, babu wurin kare. Ya ce karen ya bi su a guje har ƙura ta rufe shi, kuma shi ya yi ta waiwaye har wuyansa ya yi ciwo. Bai taɓa gaya wa kowa ba sai mu, don ya san dariya za a yi masa. Yanzu idan muka ga ramammen kare yana yawo a bayan kasuwa, sai mu ce wataƙila shi ma wani gida yake nema da babu kowa a ciki.

Masu jifa suna da hujja guda, kuma ba ƙarya ba ce: haukan kare. Ciwo ne da idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Sai dai dutse ba ya maganinsa. Karen da aka jefa aka ritsa a lungu shi ne ma ke juyowa ya yi cizo, kuma yawanci ba mai jifan yake samu ba, ƙaramin da ke baya yake kamawa. Idan kare ko mage ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko ɓoyewa don tsoron faɗa. Akwai kuma allurar rigakafi da ake yi wa karnuka su kansu, a nan Najeriya ma ana haɗa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos. Duk ranar 28 ga Satumba duniya na tunawa da wannan ciwo. Muna roƙon malamanmu, idan ranar ta zagayo, a gayyato malamin dabbobi ya yi mana bayani a taron safe, a gayyato mafarautan gari su ma, tunda su ne masu karnuka da yawa.

Wani abu kuma, masu sa maganin ɓera a gida su riƙa kwashe mushen suna binnewa. Magen maƙwabtanmu haka ta mutu, ta ci ɓeran da ya ci guba.

Mun binne Tawada a gindin dalbejiyar da ke bayan ajinmu. Da muka koma ɗauko shebur ne muka ji kuka a cikin wani kwali a sito. Ashe ta haihu, 'ya'ya uku, biyu baƙaƙe, ɗaya mai farin wuya, idonsu bai daɗe da buɗewa ba. Maigadi yana ba su madara da cokali, amma ya ce ba zai iya wuce Juma'a ba. Duk wanda mamarsa ta yarda, ya same mu a ƙarƙashin wannan allo lokacin tara. Sai an zo da izinin mama, don ba ma so a dawo mana da su washegari.