Ina Kano Ta Tsaya?

Tambayi dattijon cikin birni inda Kano ta tsaya, sai ya nuna maka badala. Tambayi ma'aikacin ofis, sai ya lasafta maka ƙananan hukumomi 8, watau Birni da Kewaye, da Dala, da Fagge, da Gwale, da Nasarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo, ya ce ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 2.8 a cikinsu. Dukansu biyu labarin jiya suka ba ka. Ni kuwa na ce garin da bai san iyakarsa ba, bai san nauyin da ke kansa ba.

Kakanninmu ba su yi wannan sakaci ba. Sarki Gijimasu ya soma ganuwa a ƙarni na 12. Da jama'a ta ƙaru, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara a ƙarni na 17. Suka bar gonaki a cikinta saboda gobe. Ka ga, iyaka ce ke gaba, gidaje na bin ta.

Turawa suka zo a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gari ya tsallake ganuwa. A 1963 aka zana wa birnin tsarin shekara 20, wa'adinsa ya cika a 1983. Amma gari bai jira kowa ba. Dubi kasuwar hatsi ta Dawanau: duk duniya ta san ta da sunan Kano, alhali kuwa a ƙasar Dawakin Tofa take. Bi hanyar Haɗeja, ka gaya mini inda birni ya ƙare Gezawa ta soma.

Waɗansu za su ce, "To, mene ne aibu? Girman gari ai arziki ne." Lalle arziki ne, amma je ka unguwannin awon igiya ka gani. Dillali ya sayi gona, ya yanka ta filaye, bai bar hanyar mota ba, balle lambatu ko filin makaranta. Ran da gobara ta tashi, motar kwana-kwana ba ta da ta inda za ta shiga. An cike kududdufai an yi gini, damina ta zo, ruwa ya rasa mazauni sai ɗakin talaka. In ya kai kuka, birni ya ce shi ɗan ƙauye ne, ƙaramar hukumarsa kuma ta ce aikin ya fi ƙarfinta. Manomin da ya sayar da gonar kuwa, kuɗi sun ƙare, ga shi yana awo a kasuwa.

Saboda haka a sake shata iyakar birni bisa inda mutane ke kwana da inda suke neman abinci. Kada a yanka fili ko ɗaya a cikinta sai an fitar da hanya da magudanar ruwa. A keɓe gonakin da ke kewaye, doka ta tsare su. Ba sarauta ko ƙasar kowa za a ƙwace ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Unguwar da aka gina ba hanya, sai rusau, rusau kuwa hawayen talaka ne.