Kyanwa Ma Tana Da Hakki A Kanmu

A Kaoje, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo har zuwa Tsamiya a bakin iyakar Benin, kusan kowace dabbar gida an yi mata makwanci. Kaza na da akurki, akuya na da turke, shanu na da garke da makiyayi. Kyanwa ce kaɗai aka bari ta kwana inda dare ya riske ta. Dalilin a fili yake: ba a kai ta kasuwa, ba a yanka ta ranar suna. Abin da ba ya kawo kuɗi sai muka ɗauka ba shi da hakki a kanmu.

Alhali kuwa aiki take yi mana. Bayan kaka, idan rumbuna sun cika da dawa da gero da masara, wa ke gadinsu cikin dare? Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi ba. Wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kiwon kyanwa cikin hanyoyin rigakafinta.

To dubi sakayyar da take samu. Maƙwabci ya zuba maganin ɓera, ɓeran ya ci ya fito yana tangaɗi, kyanwa ta cafke shi, gubar ta kashe su duka biyun. Da rani ga karnukan farauta, ga wutar daji, ga rijiyoyin da ba murfi, inda in ta faɗa an yi asarar rai an kuma ɓata ruwan sha. Idan ta haihu a bayan danga, muzuru ko kare ya ɗauke 'ya'yan. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne jifa. Yara su rutsa baƙar kyanwa da duwatsu wai mayya ce, manya na zaune suna kallo. Wannan camfi ne, kuma zalunci ne.

Shawarata ita ce a keɓe mata wuri a cikin gida. Na san abin da wani zai ce: ai Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Gaskiya ne. Amma a karanta hadisin har ƙarshe. Laifin matar shi ne ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Abin da aka haramta shi ne azabtarwa da yunwa. Wanda ya saki kyanwarsa cikin guba da jifa, bai taɓa ajiye mata ko ruwa a kasko ba, kada ya fake da wannan hadisi.

A Kanbera, babban birnin Ostareliya, doka ta wajabta tsare duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022 a cikin harabar gida, don kare ta da kuma kare tsuntsaye. Mu ba doka muke bukata ba, kuma ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Ragar wayar da ake yi wa kaji ɗaki da ita ta isa. A kewaye gefen rumbu ko ɗakin ajiya da ita, a rufe sama, a sa zana don inuwa, a ajiye ruwa da abinci da ɗan yashi a kusurwa, wurin ya zama mai faɗin da za ta yi tsalle ta hau ta sauka. Ta kwana nan, inda dama ɓera ke zuwa, da safe a buɗe mata. Mai jego da 'ya'yanta su zauna ciki har su yi ƙwari. 'Yan tsakin maƙwabci ma sun tsira, rigima ta ragu.

Wanda zai zuba maganin ɓera kuma ya sanar da maƙwabta tun da yamma, su tsare dabbobinsu.

Ina roƙon malamanmu na Kaoje da su taɓo wannan magana a wa'azi, iyaye kuma su tsawata wa yara kan jifa. Kai kuma maigida, kafin a zuba hatsin bana a rumbu, ka yi wa mai gadinsa makwanci.