SOJAN DA YA KOMA CETON MASU NUTSEWA

'Yan'uwa ɗalibai, malamai da iyaye, mun saba ɗaukar soja a matsayin mutumin bindiga. Amma akwai wani hafsa da duniya take tunawa da shi har yau saboda rayukan da ya tsamo daga ruwa, kuma muna ganin labarinsa ya shafe mu, mu mutanen Gwandu da Kalgo.

Sunansa Sir William Hillary, an haife shi a Ingila a 1771. Lokacin da ƙasarsa take yaƙi da Faransa, ya tara dakaru 1,400 da kuɗin aljihunsa, ya shugabance su. Daga baya ya koma zama a garin Douglas, a tsibirin Man, inda teku take yawan farfasa jirage. A 1822 jirgin sojan ruwa mai suna Racehorse ya daki duwatsu a gaɓar tsibirin. Mutanen gari suka fita ceto a ƙananan jiragensu, wasunsu ba su dawo ba.

Wannan abu ya dame shi ƙwarai. A 1823 ya rubuta kira ga al'ummar ƙasar cewa a kafa ƙungiyar ceto. Hukumar sojan ruwa ba ta ɗauki nauyin ba, sai ya nemi attajirai da masu faɗa a ji. Ranar 4 ga Maris, 1824, aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira RNLI. Bai tsaya ga rubutu kaɗai ba. A 1830, yana dab da shekara 60, ya shiga jirgin ceto da kansa don taimakon jirgin St George. Ya karye a haƙarƙari, amma duk mutanen suka tsira. Ya rasu a 1847. Zuwa 2024 ƙungiyar ta ceci rayuka fiye da 146,000, kuma yawancin masu aikinta 'yan sa kai ne.

To, mu dawo gida. Jihar Kebbi ba ta da teku, amma tana da Kogin Kwara da Gulbin Kebbi da fadamun da muke noman shinkafa. A watan Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Warrah, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150. Kusan 20 ne kawai aka tsamo da rai. Dalilan irin wannan haɗari ba ɓoyayyu ba ne: lodi fiye da ƙima, tsofaffin jirage, tafiyar dare, da rashin rigar da ke hana nutsewa.

Wasu za su ce wannan aikin gwamnati ne, tun da akwai hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa. Haka ne, kuma ya kamata mu ci gaba da tuna mata. Amma wanda ya faɗa ruwa ba ya jiran mota daga Birnin Kebbi. Na bakin gaɓa shi ne zai cece shi. Da Hillary ya zauna jiran hukuma, da ba a kafa komai ba.

Abin da ake bukata muna da shi. Muna da Sarkawa da masuntan Kabi da suka san ruwa tun kaka da kakanni. Muna da tsofaffin sojoji da suka san horo da tsara mutane. Sarkin Gwandu kansa, Manjo Janar Muhammadu Iliyasu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 2005, tsohon soja ne da ya taɓa mulkin Jihar Gongola. Idan aka haɗa sanin masunta da horon soja, kowace mashiga za ta iya samun 'yan ceto, da igiya, da kwale-kwale a shirye.

Mu ɗalibai ma da namu rabon. Mu koyi iyo a hannun waɗanda suka iya. Kada mu shiga jirgin da ya cika, ko da za mu makara. Idan mun je hutu, mu yi wa iyayenmu bayanin rigar ruwa, mu roƙi ƙungiyoyin gari su yi karo-karo su sayo ta kafin damina ta kankama. Allah ya tsare matafiyanmu.