GIDA DA ALJIHU: Kan gado sai da kan gado

Hausawa kan ce wane ba ya da kan gado idan yana aiki ba tunani. Magidancin da ya ci bashin albashin wata uku don ya sayi gadon da idon maƙwabta zai yaba, ya sami gado, amma batun kan gadon sai a bar wa mai karatu ya yanke hukunci.

Duk wanda ya aurar da ɗiya a Yamai ya san cewa a cikin kayan ɗaki gado ne ke karya ƙugun uba. Daga gadon kara aka koma na ƙarfe mai rumfa, daga nan aka shiga yayin fomeka, yau kuma amarya ba ta son kowane sai mai allo lulluɓe da soso da yadi. To amma in an lura, ƙafafu da katakan da ke ɗauke da katifa kusan iri ɗaya ne a kowane gado. Allon da ke wajen kai shi ne adon, shi ne kuma abin da ke ninka farashi. Wannan allo kuwa ana iya yin sa a tsakar gida cikin yini guda, a ɗora wa tsohon gado mai ƙwari.

Tsadar tana da dalili. Nijar ba ta da dajin katakon gini, daga ƙasashen bakin teku ake kawo shi. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, faran guda na Faransa da ake canzawa dala 10 ya koma dala 20, duk abin da ke shigowa daga waje ya tashi, a daidai shekarun da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi. A 2023 kuma rufe iyakar Benin ya sa kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Kowane zagaye, aljihun mai saye ne ke biya.

Aikin yana farawa da awo. Katifar mutum biyu faɗinta santimita 140 ne, don haka allo mai santimita 150 a kwance da 60 a tsaye ya wadatar. A kasuwar Katako ana sayar da falankin da kafintoci ke kira kwantirfilake, mai tsawon santimita 244 da faɗin 122. Idan aka raba shi biyu ta tsawo, allon gado biyu ne ke fita har da saura, ke nan maƙwabta biyu na iya haɗa kuɗi su sayi guda. A zaɓi mai kaurin milimita 10 ko 12, domin siriri yana lanƙwashewa. A biya kafinta ladan yanka nan take, zartonsa ya fi na gida miƙewa.

Sai soso, mai kaurin santimita 5. Gwajinsa a hannu yake: a matsa shi da yatsa, wanda ya taso nan da nan shi ne mai rai, wanda ya bar rami kuwa ba zai shekara ba. A yanka shi da wuƙa mai kaifi, ya ɗara allon da santimita 2 ta kowane gefe don ya rufe kaifin katako. A shafa gam a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da sigari, a jira ya fara danƙo kafin a manna. A bisa soson a shimfiɗa tsohon bargo ko zane mai laushi, shi ne ke ba allon santsi.

Yadi mita 2 ya isa, ko daga Babbar Kasuwa ko daga akwatin uwargida. A shimfiɗa shi a kife bisa tabarma mai tsabta, a kifa allon a kansa. Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Ƙusa ta farko a tsakiyar sama ake kafa ta, ta bayan allon, ta biyu a tsakiyar ƙasa bayan an ja yadin ya miƙe, sa'an nan dama da hagu. Daga tsakiya ake tafiya zuwa kusurwa, ana barin santimita 5 tsakanin ƙananan ƙusoshi, a naɗe kusurwoyi a ƙarshe. Wanda ya fara daga kusurwa zai tarar da tattara a tsakiya, ba kuwa ta gyaruwa sai an kwance duka.

Mai son ado da maɓallai ya sa kafinta ya huda allon tun kafin a manna soso. Tela zai lulluɓe maɓallan da ƙyallen yadin, a ja su da basilla da zaren ɗinkin takalma, a ɗaure ta baya. Mai zaman haya kada ya fasa bangon mutane: ƙafafu biyu na katako da aka ɗaure da noti a jikin gadon sun riƙe allon, ranar tashi kuma a kwance a tafi da shi.

Yanayin Yamai yana da nasa sharuɗɗan. Fatar roba mai sheƙi tana ɗaukar ido a shago, amma a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce maki 40, tana manne wa jiki, daga baya ta tsattsage. Yadin auduga mai duhu ya fi jure ƙurar hunturu. A bar tazara tsakanin allo da bango saboda gara, a riƙa duba lungunan maɓallai saboda kuɗin cizo. Soso kuma abincin wuta ne: kyandir da maganin sauro na hayaƙi ba su da wurin zama kusa da shi.

Wani zai ce surukai za su gane na gida ne. In an ja yadin da kyau, ba mai ganewa sai wanda ya leƙa bayan gado, mai leƙen bayan gadon amarya kuwa ba ganin ɗaki ya zo ba. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne mai bin bashi a ƙofar gida bayan an watse biki. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kuɗin da aka tsimi daga allon a ƙara wa katifa, domin a kanta ake kwana.