Shirun Sama Ba Amsa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama da dattawan Bagwai da daddare, suna murɗa rediyo a gajeren zango don kamo London, ya san haƙurin da sauraro ke buƙata: sai an ratsa hayaniya kafin murya ta fito. Irin wannan haƙurin masana taurari ke yi tun 1960, lokacin da Frank Drake ya juya faranti mai kama sigina a Green Bank ta Amurka zuwa wasu taurari biyu, yana neman alamar cewa akwai wasu masu hankali da ke watsa saƙo. Har yau ba a ji kowa ba. A ganina wannan shirun bai isa hujjar daina nema ba, kuma ya kamata mu ma mu sa kunne.

Dalilin farko shi ne girman wurin. Siginar rediyo tana tafiya da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma tana shafe fiye da shekara huɗu kafin ta kai tauraron da ya fi kusa da ranarmu. A 2018 masana a jami'ar Penn State sun ƙiyasta cewa abin da aka bincika kawo lokacin daidai yake da ɗibar lita dubu bakwai da ɗoriya daga tekunan duniya. Masuncin da ya ɗebi ƙwarya ɗaya a madatsar Watari bai ga kifi ba, ba shi da ikon cewa babu kifi a ruwan.

Na biyu, aikin yana koyar da tantance labari. Ran 15 ga Agusta 1977 wata na'ura a Ohio ta kama sigina mai ƙarfi na daƙiƙa 72. Bai sake dawowa ba, masana kuma suka ƙi yanke hukunci a kansa. A 2019 na'urar Parkes ta Ostareliya ta kama wani daga ɓangaren Proxima Centauri. Da aka tsananta bincike, sai aka gane daga kayan lantarkinmu na nan ƙasa ya fito. Mu da jita-jitar WhatsApp ke gama gari kafin azahar muna da darasi a nan.

Za a ce manomin da ke fama da tsadar taki ba ruwansa da taurari. Ƙorafi ne mai nauyi, kuma ba na kiran a rage masa ko kwabo. Amma a dubi Ghana: a 2017 ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar binciken sama, inda matasanta ke koyon injiniyanci da sarrafa bayanai. Afirka ta Kudu na da MeerKAT mai faranti 64, wanda shirin Breakthrough Listen ke sauraro da shi. Najeriya kuwa ta haifi Samuel Okoye, wanda ya yi aiki da Antony Hewish a Cambridge kafin gano taurarin pulsar.

Ƙaramin faranti da ke kama siginar haidirojin a megahaz 1420 bai fi ƙarfin sashen kimiyyar lissafi na Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ba. Mai yiwuwa ɗalibin da ya harhaɗa shi ba zai taɓa jin baƙuwar murya ba, amma zai fita da sanin yadda ake raba sigina da hayaniya, kuma da wannan sanin ake gina hanyoyin sadarwa da na'urorin hasashen damina.