Motar Kasuwa Da Ciwon Baya: Laifin Hanya Ne Ko Na Mota?

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Kiyeshe zuwa Dogondutsi, ko ya sauka daga gudron ya bi jar hanya zuwa ƙauyukan Tibiri, ya san abin da za mu tattauna yau. Mutum zai shiga mota lafiya lau, ya sauka yana dafe da ƙugu. Uwayenmu mata masu kai ƙwan zabi, tumatir, man gujiya da tukwane kasuwa su ne suka fi ji a jikinsu, domin ban da ciwon baya ga kuma asarar kaya. In aka yi ƙorafi, amsar direba ɗaya ce: "Hajiya, ki yi haƙuri, hanya ce."

Mu ma mun daɗe muna karɓar wannan amsa, har ranar da wata baiwar Allah ta bugo mana waya a cikin wani shirinmu na rediyo. Ta ce da safe ta shiga mota da ƙwaryar ƙwai a cinyarta, kafin a kai kasuwa ribarta ta fashe a hanya. Da marece ta dawo a wata motar, ta bi hanyar nan dai, har gyangyaɗi ta yi. Ta tambaye mu: "Ɗana, an gyara hanyar ne tsakanin hantsi da la'asar?" Wannan tambaya ce ta kai mu garaji muka zauna da makanikai, kuma abin da muka fahimta shi ne, rabin wahalar da muke ɗora wa hanya a ƙarƙashin motar take. Fasinja ma tana iya gane ciwon daga inda take zaune, in ta san alamominsa.

Alama ta farko: mota ta wuce rami amma ta ci gaba da lilo sama da ƙasa kamar jirgin ruwa. Wannan aikin amortisa ne, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira shokozoba. Bututu ne mai cike da mai, aikinsa shi ne ya tsai da lilon nan take. In man ya tsiyaye, ya mutu ke nan. Gwajinsa ba ya cin ko dala: a danna kusurwar motar da ƙarfi a saki. Mai lafiya za ta tashi sau ɗaya ta tsaya. In ta yi lilo sau 2 ko 3, amortisa ya gama aiki. A leƙa jikinsa kuma, in ya jiƙe da mai ƙura ta manne, babu sauran musu. Ana canza shi ne biyu-biyu, dama da hagu, ba guda ɗaya ba.

Alama ta biyu: duk ramin da aka faɗa sai a ji "gam!" har cikin haƙori. A nan resor ne, watau ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da bayan bashe da Hiace. In sun gaji sun miƙe, ko ɗaya ya karye, ko kaya sun fi ƙarfinsu, jikin mota sai ya sauka ya riƙa dukan ƙarfen ƙafa kai tsaye. Kafin ki shiga, Hajiya, dubi bayan motar. In ya zauna har taya na neman shafar jiki, to ƙashin bayanki ne zai yi aikin resor a wannan tafiya.

Alama ta uku: mota ta yi tauri kamar amalanken shanu, ko da ba ta ɗauki kaya ba. Abu biyu ke kawo haka. Wasu masu mota suna kai ta a ƙara mata ƙarafan resor domin ta ɗauki lodi fiye da ƙima, sai ta daina lanƙwasa gaba ɗaya. Wasu kuma iska suke cika wa taya har ta zama dutse. Sau nawa muke ganin yaron mota ya buga taya da ƙarfe ya saurari ƙara, ya ce ta isa? Alhali kamfani ya rubuta awon iskar a jikin ƙofar direba ko a littafin mota, kuma mai faci na kirki yana da ma'auni. Tayar da iska ta yi wa yawa tsakiyarta ke cinyewa, wadda iska ta yi wa kaɗan gefunanta ke cinyewa, ta yi zafi ta fashe.

Alama ta huɗu ita ce ta fi ba mu tsoro: ƙara "ƙwas-ƙwas" daga gaba a kan ƴan ƙananan duwatsu, direba na ta kokawa da sitiyari domin mota na neman bin gefe. Robobin da ke tsakanin ƙarafa sun cinye, ko kuwa rotil, gaɓar nan da ke riƙe ƙafar gaba, ta yi sako-sako. Ranar da rotil ta cire, ƙafar motar lanƙwashewa take yi ana cikin gudu. In kuwa sitiyari na rawa ne sai an miƙe a kan gudron, a duba taya ko janti, wataƙila rami ya lotsa shi.

Akwai kuma tsufan taya. A gefen kowace taya akwai lamba 4 a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Masu ƙera taya da kansu suna cewa kada ta wuce shekara 10, ko da zanenta bai goge ba. Tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su daga Turai da yawansu sun kusa wannan wa'adi tun kafin su iso, sannan zafin ranar bazara ya ƙarasa su.

Uwar duk waɗannan cututtuka ita ce lodi. Bashe Peugeot 504, wadda kamfanin Kaduna ya daina haɗawa tun tsakiyar shekarun 2000, an yi ta ne domin tan 1 da ƴan kai, watau kamar buhu 10 zuwa 12 masu kilo 100. Mu kuwa sai mu ɗora buhu 20 na wake ko hatsi, mu ɗaure awaki, sannan mutane su hau bisa. Hiace da aka ƙera wa mutum 15 mun mai da ita ta 19, ga kaya a kan rufi da suka kusa tsawon motar. Kayan rufi su ke sa mota ta karkata a kwana, amortisa matacce kuma ya sa taya ta riƙa barin ƙasa, birki ya ƙi kamawa da wuri. Daga nan sai a ce ƙaddara.

Ba mu wanke hanya ba. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Kore Mairuwa da Dogondutsi ta nufi Birnin Ƙonni, manyan motoci ne ke bin ta dare da rana. Tun watan Disamba na 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 wadda ta ƙayyade nauyin da kowace ƙafar babbar mota za ta ɗauka, kusan tan 11 da rabi. Dalilin dokar a fili yake: injiniyoyi sun gano cewa in aka ninka nauyin ƙafa sau 2, ɓarnar da take yi wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. Jar hanya kuma gargada ke fito mata, direbobi su riƙa gudu wai don su tsallake ta, amortisa ya yi zafi ya mutu da wuri. Da damina ruwa daga duwatsu ya sauko Dallol Mawri ya zaizaye gefen hanya. Tunda muna biyan kuɗin peyaji, muna da bakin tambayar inda gyara ya tsaya.

Mun kuma san halin da direbobi ke ciki. Rufe iyakar Benin a 2023 ya tsawaita hanyar kayan gyara da a da ke zuwa daga Kwatano ta Gaya, kuɗinsu ya hau, ga jabu ya cika kasuwa. Direba na da balas ɗin mai mota a wuyansa, ga iyali. Amma araha ba ta ado. Amortisa matacce shi ke cinye taya, ya karya resor, ya kwance kusoshi, a ƙarshe a kashe ninkin abin da aka guje wa. Kafin nan kuwa wani ne ke biya: mai ƙwan da ya fashe, mai bidon man da ya tsage, mai juna biyun da aka jijjiga kilomita 20, da dattijuwar da za ta kwana ana gasa mata baya.

Saboda haka muna kira ga sandikar direbobi a tashoshinmu da su riƙa yi wa kowace mota gwajin dannawa da awon iska kafin a ba ta layi, abin da bai wuce minti 5 ba. Muna kira ga hukumomin Kiyeshe, Dogondutsi da Tibiri da su tuna cewa harajin ranar kasuwa daga hannun matan nan yake fitowa, ya kamata a ga wani abu daga cikinsa a kan hanyoyin ƙauye kafin damina. Jami'an da ke tsaye a hanya kuma su dubi bayan mota kamar yadda suke duba takardu.

Mu ƴan kasuwa ma akwai namu laifin. Mu ne ke roƙon direba ya ƙara mana buhu ɗaya, mu ne ke fushi in ya ƙi. Ƙungiyoyin mata masu adashi, da ke haɗa kuɗi duk mako ba a taɓa jin kansu ba, za su iya haɗa baki su ɗauki shatar mota mai lafiya, su bar wadda bayanta ya zauna. Ranar da direba ya ga motarsa ta yini a tasha babu fasinja, da ƙafarsa zai je garaji. Kuma in an sake ce miki "hanya ce," ki ce masa, "Malam, zo mu danna motar mu gani."

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida lafiya, amin.