Tsofaffin Ɗaliban Barewa, Fenti Kaɗai Ba Gyara Ba Ne

Ku tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, da ku nake! Makarantar da aka kafa a Katsina a 1921, ta yada zango a Kaduna a 1938, ta tare a Zariya a 1949, ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ita ta yaye Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa. Gidan da ya raini irin waɗannan, ai abin kunya ne ɗakunan kwanansa su nemi mai kula da su a rasa.

Amma a yi gyaran da ya amsa sunansa. Mun san wanda aka saba a ƙasar nan: ɗan kwangila ya shafe bango da fenti, a yanke ƙyalle, a ɗau hoto, damina biyu rufi ya koma yoyo.

Kada kowa ya rushe tsohon gini don ya tsufa. Ku je ku ga ginin kwalejin na asali a Katsina, na ƙasa, wanda yau gidan tarihi ne. Kaurin bangonsa ke tare rana, ba na'ura ba. A gyaran ɗakunan kwanan, daga sama za a fara. A sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, a shafa wa kwanon farin fenti, a buɗe tagogin da ke kallon juna iska ta ratsa, a sa musu raga saboda sauro. Yaron da ya kwana cikin gumi a watan Afrilu, me zai fahimta a aji da safe?

Sai wuta. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. A kafa sola a rufi, ta ja fanka, ta tura ruwan rijiyar burtsatse cikin tanki, ta ɗumama na wanka, don hunturun Zariya ba ya wasa da mai wankan asuba. Tun da kuɗin wuta na rukunin A ya haura zuwa naira 225 kowane yunit a 2024, sola ta wuce ƙawa. Jami'ar Bayero ta ƙaddamar da tashar solarta tun 2019.

Ƙungiyarku ta BOBA na nan. Kowane aji ya ɗauki gidan kwana ɗaya, ku nemo injiniyoyi daga cikinku su duba gini kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, ku ware kuɗin sauya batir tun yanzu, sannan a karanta lissafin kowane kwabo a taron shekara. Ku tashi kafin damina ta sauka!